Tankaɗe da Ajiya: Yadda Ake Adana Bayanan Kimiyya a Cibiyar CERN

Gabatarwa

Galibi idan aka yi zancen manyan na'urori masu ƙwaƙwalwa, watau kwamfutocin da masana kimiyya ke aiki da su, abin da akan fi yabawa shi ne saurinsu wajen lissafi. Ba kasafai akan tsaya a tambayi inda suke ɗebo alƙaluman da suke lissafawa ba, balle inda suke zuba sakamakon. Alhali kuwa, ga waɗanda aka ɗora wa alhakin kula da su, sau da yawa matsalar ajiya ce ke hana barci, domin na'ura komai saurinta zaman jira take yi muddin ba a miƙo mata abin da za ta lissafa ba.

Manufar wannan takarda ita ce ta bayyana yadda ake adana bayanai a wurin da suka yi yawan da hankali ba ya ɗauka. Mun zaɓi cibiyar binciken ƙwayar zarra ta ƙasashen Turai, wadda aka fi sani da CERN, don ta zama misali. An kafa ta a shekarar 1954 a gefen birnin Jeneba, kan iyakar Suwizalan da Faransa. Abin da za mu yi ƙoƙarin nunawa shi ne cewa ajiya a irin wannan wuri jerin hukunce-hukunce ce, watau me za a zubar, me za a bari kusa, me za a kai nesa, yaushe za a sake kwafewa, kuma kowane hukunci akwai abin da ake asara a cikinsa.

Kafin mu shiga, ya kamata mu daidaita a kan mudun da ake awo da shi. Bayit ɗaya shi ne kimanin wurin da harafi ɗaya ke ci. Bayit miliyan ɗaya shi ne megabayit, wanda ya yi daidai da rubutun babban littafi mai shafi kamar 500. Daga nan ana hawa ne da dubu-dubu: megabayit dubu shi ne gigabayit, gigabayit dubu terabayit, terabayit dubu petabayit, petabayit dubu eksabayit. Ke nan petabayit guda zai ɗauki irin wancan littafi guda miliyan dubu. Mai karatu ya riƙe wannan, don da petabayit ake ciniki a wannan kasuwa.

Inda bayanan ke fitowa

A ƙarƙashin ƙasa, zurfin kimanin mita 100, CERN tana da wani ramin zobe mai kewayen kilomita 27, wanda a cikinsa aka girka na'urar da ake kira LHC. Ta fara aiki a shekarar 2008. Aikinta shi ne ta kora ƙwayoyin furoton, waɗanda ake samu a tsakiyar zarra, dami-dami, wasu ta dama wasu ta hagu, da gudun da ya yi kusa da na haske, sa'an nan ta gwara su a wurare huɗu. A kowane wuri akwai wata ƙatuwar na'ura mai ɗaukar sawu, wadda ke rubuta hanyar da kowane ɓarɓashi ya bi bayan karon, da ƙarfin da ya fita da shi. Sunayensu ATLAS da CMS da ALICE da LHCb. Wannan rubutun sawu shi ne bayanan da muke magana a kai.

Damunan furoton suna gamuwa har sau miliyan 40 a daƙiƙa ɗaya, kuma rubutun kowace gamuwa a ATLAS ko CMS yakan ci abin da ya kai megabayit ɗaya ko fiye. In mai karatu ya yi lissafi zai ga terabayit 40 ke nan a kowace daƙiƙa, watau petabayit guda cikin ƙasa da rabin minti. Babu rumbun da ɗan Adam ya taɓa ginawa da zai haɗiye wannan na tsawon shekara, babu kuma wayar da za ta ɗauke shi daga bakin na'urar zuwa rumbun. Saboda haka aikin farko na ajiya shi ne zubarwa.

Tankaɗe

Rariya biyu ake sa wa bayanan. Ta farko na'urorin lantarki ne da aka ƙera musamman, suna nan ƙarƙashin ƙasa kusa da wurin karon. Ba su duba rubutun duka, sai 'yan alamomi kawai, alal misali ko wani ɓarɓashi ya fita da ƙarfin da ya wuce misali, kuma tilas su yanke hukunci cikin abin da bai kai kashi 5 cikin miliyan na daƙiƙa ba, domin kafin nan wasu gamuwa sun riga sun yi layi a baya. Daga miliyan 40 sukan bar kimanin 100,000. Rariya ta biyu dubban kwamfutoci ne da ke duba abin da ya tsallake da ɗan natsuwa, su bar kimanin 1,000 a daƙiƙa, kamar yadda aka yi tsakanin 2015 da 2018. An ɗaga wannan adadi daga baya, amma ko da hakan, abin da ake ajiyewa bai taka kara ya karya ba idan aka gwada shi da abin da ake zubarwa. A lissafin wancan lokaci, ɗaya ce cikin 40,000 ke tsira.

A nan ne, a ganinmu, batun ya fi nauyi. Mace in ta yi tankaɗe tana iya komawa kan tsakin da ya rage a rariya ta sake dakawa, amma gamuwar da rariyar CERN ta zubar ta tafi ke nan har abada, ba a rubuta ta ko'ina ba. Mafi yawan abin da ake zubarwa lalle abu ne da aka riga aka sani tun shekaru da dama, ba wanda zai yi kukansa. Amma ita rariyar mutane ne suka tsara idanunta, bisa ga abin da suke tsammanin gani. Ƙwayar Higgs, wadda Peter Higgs da François Englert da wasu suka yi hasashenta tun 1964, an san kamannin sawunta kafin a same ta, don haka aka saƙa rariyar yadda za ta kama ta, har aka ba da sanarwar ganinta ran 4 ga Yuli, 2012. To, yaya ke nan idan akwai wani baƙon abu wanda ba wanda ya yi hasashensa, sawunsa kuma bai yi kama da abin da ake nema ba? Yana yiwuwa ya bi shara ba tare da kowa ya sani ba.

Masanan ba su jahilci wannan ba. Daga cikin dabarunsu akwai ajiye wani ɗan kaso da aka ɗiba da ka, ba tare da tankaɗe ba, don a riƙa auna abin da rariyar ke yi. Akwai kuma ajiye taƙaitaccen bayani na gamuwa masu yawan gaske maimakon cikakken rubutunsu, da kuma jibge wasu bayanan ɗanyu a kaset sai lokacin da aka tsayar da na'urar don gyara, kwamfutoci suka sami sarari, a waiwaye su. LHCb ma, daga shekarar 2022, ta yi watsi da rariyar farko ta ƙarfe ɗungum, ta bar wa manhaja aikin duka. Duk waɗannan rage asara suke yi, ba su kawar da ita ba.

Kusa da nesa

Abin da ya tsira daga tankaɗe yakan bi wayar haske zuwa babban ɗakin kwamfutoci na cibiyar. A can wata matsala ke jiransa, watau abin ajiyar da ya fi sauri shi ya fi tsada, wanda ya fi arha kuma shi ya fi nawa. Hawa huɗu ne a taƙaice. Akwai ƙwaƙwalwar aiki ta kwamfutar kanta, wadda ke mantawa da zarar an ɗauke wuta. Akwai filash, ɗan'uwan wanda ke cikin wayar hannu. Akwai faifan maganaɗiso mai juyawa, sa'an nan akwai kaset. Don a gane tazarar da ke tsakaninsu, a ƙaddara cewa ɗauko abu daga ƙwaƙwalwar aiki daƙiƙa ɗaya yake ci. A bisa wannan ma'auni, ɗauko shi daga filash zai ci kamar rubu'in sa'a, daga faifai fiye da kwana guda, daga kaset kuwa kusan shekara 20. A zahiri minti ɗaya ne ko biyu, amma ga kwamfuta minti ɗaya tamkar shekarun nan ne.

Mai karatu zai yi mamakin jin kaset a wannan zamani. Shi ne dai irin zaren nan na kaset ɗin rediyo, sai dai ya fi inganci nesa ba kusa ba, kuma ya girmi faifai, domin tun 1951 aka fara ajiye bayanan kwamfuta a kansa, shi kuwa faifai sai a 1956 kamfanin IBM ya fito da na farko, mai ɗaukar harafi miliyan 5 kacal. Kaset samfurin LTO-9, wanda ya fito a 2021, zarensa ya ɗan haura kilomita ɗaya, yana ɗaukar terabayit 18, girmansa kuwa bai fi tafin hannu ba sosai. Dalilin da ya sa ba a rabu da shi ba guda uku ne. Yana da arha. Ba ya shan wuta in yana ajiye a kanta, saɓanin faifai wanda ke juyawa dare da rana, yana fid da zafin da sai an sake kashe wuta an sanyaya. Kuma tun da ba a haɗe yake da komai ba, kuskuren ma'aikaci ko ɓarnar ɗan kutse ba ta share shi farat ɗaya. A CERN dubban kaset suna jere a cikin manyan akwatuna, hannun inji ke zirga-zirga yana zaro wanda aka nema ya sa a na'urar karatu. A shekarar 2017 abin da ke kansu ya haura petabayit 200. Manhajar da ke kula da su a dā CASTOR ce, a 2020 aka maye gurbinta da CTA.

Amma ba a bincike a kan kaset, sai an ɗebo bayanan an zuba a faifai. Shi ma faifan, in shi kaɗai ne, ba ya biyan bukata. Faifai ɗaya yana karanta kimanin megabayit 250 a daƙiƙa, ke nan petabayit guda zai ci masa kwana 46. Maganin abin shi ne gayya. A yanka fayil gunduwa-gunduwa, a rarraba a kan faifai masu yawa, a karanta su duka a lokaci guda. Faifai 1,000 za su gama wancan aiki cikin sa'a ɗaya da 'yan mintoci. Tsarin da CERN ta ƙirƙira don wannan shi ake kira EOS, wanda aka fara gina shi a 2010. A shekarar 2023 cibiyar ta ba da sanarwar cewa faɗin rumbun nan ya kai eksabayit guda, a kan na'urorin ajiya 111,000, mafi yawansu faifai.

Mutuwar faifai

Gayya tana da nata ciwon kai. Mai faifai ɗaya yana iya shekara biyar bai ga ya lalace ba. Amma a ce ɗaya cikin ɗari kawai ke mutuwa a shekara, to mai faifai 111,000 zai riƙa binne uku a kowace rana ta Allah. Saboda haka ba a tsara rumbun a kan fatan kada faifai ya mutu, ana tsara shi ne da sanin cewa yau ma wani zai mutu.

Hanya mafi sauƙi ita ce a yi kwafi biyu na kowane fayil a kan na'urori daban, amma wannan ninka kuɗi ne. Akwai wata dabara ta lissafi da ta fi wannan tsimi. A ce muna da alƙaluma uku, 4 da 7 da 2, kowanne a faifansa. Sai mu sami faifai na huɗu mu rubuta jimlarsu, watau 13. In faifan da ke ɗauke da 7 ya mutu, sai mu ɗebe 4 da 2 daga 13, ga 7 ya dawo. Faifai ɗaya ya yi wa uku gadi. Wannan ita ce hikimar tsarin RAID, wanda David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz na Jami'ar Kaliforniya da ke Bakili suka bayyana a 1988. Lissafin da Irving Reed da Gustave Solomon suka fito da shi tun 1960 ya zarce haka, don yana ba da damar a yanka fayil gida 10, alal misali, a ƙara masa gida 2 na gadi, ta yadda ko waɗanne biyu suka salwanta cikin 12 ɗin za a iya mayar da su. Ƙarin kashi 20 cikin ɗari ke nan maimakon ninki. Sai dai faifan yanzu ya yi girman da karanta shi daga farko zuwa ƙarshe, in mai terabayit 20 ne, yakan ci kusan kwana guda, kuma a cikin wannan kwana na gyara wani ma yana iya faɗuwa. Shi ya sa mai gadi ɗaya ba ya isa.

Faifan da ya mutu ya fi sauƙin sha'ani, domin an san ya mutu. Wanda ya fi haɗari shi ne wanda ke nan da ransa amma ya sauya alƙalami ɗaya shiru, bai gaya wa kowa ba. A shekarar 2007 ma'aikatan CERN sun yi gwaji, suka riƙa rubuta fayiloli suna sake karantawa, suka tarar lalle irin wannan ɓoyayyar ɓarna tana aukuwa. Don haka kowane fayil yana tafe da wani ɗan gajeren adadi da aka lissafo daga abin da ke cikinsa, kamar hatimi. Duk inda aka kai shi sai a sake lissafawa a gwada. In bai yi daidai ba an san an taɓa shi.

Rarrabawa da kundin suna

CERN ba ta riƙe bayanan ita kaɗai. Akwai haɗin gwiwar cibiyoyi kimanin 170 a ƙasashe fiye da 40, hawa-hawa. Ita ce tushe, tana riƙe kwafin farko na ɗanyen bayani. Kwafi na biyu yana rarrabe a hannun manyan cibiyoyi goma sha wani abu, irin su Fermilab da Brookhaven a Amurka, da Rutherford Appleton a Ingila, da na biranen Kalsaruhe a Jamus, Liyon a Faransa da Bolonya a Italiya. Sauran, galibi na jami'o'i, su ke ɗaukar nauyin nazari na yau da kullum. Ɗalibi mai neman digiri ba ya jawo petabayit zuwa teburinsa. Umarninsa yake aikawa ya tarar da bayanan inda suke, sakamakon kawai ke dawo masa.

Wannan ba zai yiwu ba sai da kundin da ya san sunan kowane fayil, da inda kwafinsa suke, da wanda ke da izinin taɓa shi. Duk wanda ya taɓa neman littafi a laburaren da katunansa suka tarwatse ya san cewa littafin da ba a san kantarsa ba daidai yake da wanda babu. ATLAS ta gina manhajar Rucio don wannan aiki, CMS ma ta rungume ta daga baya. Kuma abin lura, ƙananan fayiloli miliyan ɗaya sun fi wahalar da rumbu bisa ga ƙato ɗaya mai nauyinsu duka, saboda kowannensu sai an buɗe masa shafi a kundin.

Ya kamata a ambata a gurguje cewa ba kowace cibiyar lissafi ke da irin matsalar CERN ba. Gamuwar furoton kowace zaman kanta take yi, ana iya raba su ga kwamfutocin da ba ruwan wata da wata. Amma na'ura irin Frontier ta Oak Ridge a Amurka, wadda a 2022 ta zama ta farko da aka tabbatar ta haura lissafi biliyan sau biliyan a daƙiƙa, dubban sassanta aiki ɗaya suke yi tare, kamar kwaikwayon yanayin sama. In sashe ɗaya ya faɗi aikin duka ya rushe, saboda haka lokaci-lokaci sai su tsaya su zube duk abin da ke ƙwaƙwalwarsu a rumbu, don in an sami matsala a ɗora daga nan. Rumbun nata, mai kusan petabayit 700, yana tafiya ne bisa tsarin Lustre, kuma an sa filash a gabansa don ya shanye wannan ambaliya ta farat ɗaya.

Tsufa

Masu yin kaset sukan ce zai yi shekara 30 in an kula da shi. Amma na'urar da ke karanta shi ba ta kai haka a kasuwa, domin sabuwar na'ura samfuri ɗaya ko biyu na baya kawai take iya karantawa. Saboda haka duk bayan 'yan shekaru sai an kwafe rumbun kaf daga tsofaffin kaset zuwa sababbi, aikin da ba ya ƙarewa, tamkar yadda littattafan malamanmu na dā suka iso gare mu ta hannun masu kwafe su, kowane zamani da nasa, ba don takardar farko ta jure ba.

Ko an tsirar da alƙaluman ma, da sauran rina a kaba, domin alƙaluma ba su da ma'ana sai da manhajar da ke fassara su da kuma bayanin halin da na'urar ke ciki ranar da aka ɗauke su. Labarin gwajin JADE ya isa misali. An gudanar da shi a cibiyar DESY da ke Hambag a Jamus daga 1979 zuwa 1986, aka rufe, mutane suka watse. Bayan kimanin shekara 10, ilmin lissafin ƙarfin da ke ɗaure tsakiyar zarra ya ci gaba ƙwarai, sai Siegfried Bethke da abokan aikinsa suka ga cewa tsofaffin bayanan nan za su amsa tambayoyin da ba a iya yi musu ba a dā, ga shi kuma na'urar da ta samar da su ta daina wannan aiki. Suka bi sawun kaset ɗin suka kwafe su. Manhajar kuwa an rubuta ta ne don wata babbar kwamfutar IBM da aka daina amfani da ita, sai da aka yi shekaru ana tayar da ita a kan sababbin na'urori. Wani muhimmin jadawali, mai nuna yawan gamuwar da aka yi a kowane zango na aikin, ba a same shi a kan kowane kaset ba, sai a kan takardar da aka taɓa bugawa aka ajiye, kuma bugun ya dushe har na'urar karanta rubutu ta kasa, dole aka zauna aka sake buga alƙaluman da hannu ɗaya bayan ɗaya. Da wannan aka fitar da sababbin sakamako, ana buga su a mujallun kimiyya fiye da shekara 20 bayan an kashe na'urar.